KUJERAR KANSILA A SABO: DAGA INA TA FITO, ME TA TSINANA MANA?

Mu da Allah ya nufa muka taɓa riƙe kujerar kansila a wannan unguwa, sau da yawa mukan ji matasa suna cewa wai kansila ba kowa ba ne, aikinsa bai wuce halartar suna da jana'iza ba. To, kafin a yanke wannan hukunci, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda kujerar ta samo asali, don wanda bai san inda aka faro ba, ba zai san inda aka dosa ba.

Kakanninmu sun daɗe suna zuwa Ibadan fatauci, amma zuwan jirgin ƙasa shi ya buɗe ƙofar sosai. Hanyar jirgi ta iso Ibadan daga Ikko a 1901, ta kai Kano a 1911. Shanu suka riƙa gangarowa Kudu, huhunan goro suna hawa Arewa. A lokacin Hausawa suna warwatse cikin gari a gidajen Yarabawa, sai a 1916 aka ware mana wannan wuri na Sabo, aka ɗora Sarkin Hausawa a kai. Shi ne mai karɓar baƙo, shi ke sasanta rigima, ta hannunsa ake karɓar haraji, kuma ta bakinsa Bature da sarakunan gari suke jin kukanmu. Ƙarƙashinsa akwai masu gidaje, waɗanda ke saukar da fatake, su ajiye musu kuɗi, su haɗa su da dillalai, su kuma tsaya musu idan mahauci Bayarabe ya ɗauki sa bashi. Duk wannan ciniki a kan amana ya ginu, babu takarda babu sa hannu.

Abin da ya sauya wannan tsari shi ne siyasar jam'iyyu. A 1952 gwamnatin Jihar Yamma ta yi dokar ƙananan hukumomi wadda ta rage ikon En'e, ta miƙa shi ga zaɓaɓɓun wakilai. A 1954 aka yi zaɓen Majalisar Gundumar Ibadan, inda Adegoke Adelabu da ƙungiyarsa ta Mabolaje, wadda ta haɗa kai da NCNC, suka kayar da jam'iyyar AG ta Cif Awolowo, Adelabu ya zama ciyaman. Daga ranar nan maganar kasuwa, fili, famfo da lasin ta koma zauren da ake ƙirga hannu. Dattawanmu suka ga cewa rawanin Sarki shi kaɗai ba zai ƙara kare unguwa ba. Suka ɗaure kansu ta hanyar addini, ɗariƙar Tijjaniyya ta yi ƙarfi a farkon shekarun 1950 har aka soma sallar Juma'a a cikin Sabo, sannan suka fahimci cewa ƙuri'a ma makami ce. Nan ne asalin kujerar da muke magana a kai.

Kujerar ta sha faɗi-tashi. Soja sun karɓi mulki a 1966, kantomomi suka maye gurbin zaɓaɓɓu. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi gyaran da ya mai da ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, aka cire sarakuna daga gudanar da mulki kai tsaye. A Disamban 1987 aka yi zaɓen da babu jam'iyya, a Disamban 1990 kuma aka yi na SDP da NRC. A 1991 aka raba birnin Ibadan gida biyar, Sabo ta faɗa cikin Ibadan ta Arewa. A 1996 yawan ƙananan hukumomin ƙasar nan ya kai 774, kuma haka yake har yau.

To, mene ne aikin? Tsarin mulkin 1999 ya lissafa abubuwan da ke wuyan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabarta, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Ku duba jerin nan da kyau. Kasuwa da tasha da mayanka, ai nan abincin Bahaushe yake a Kudu. Maƙabarta kuwa can za a kai kowannenmu. Wanda ya tuna ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980, da wadda ta sake aukuwa a 2011, ba zai raina maganar kwata da shara ba. Idan aka zauna raba rumfunan kasuwa babu namu a zauren, kada mu yi kuka in mun tashi a tutar babu.

Abin da zaman kujerar nan ya koya mana shi ne, duk lokacin da manya suka yi faɗa a sama, a kan unguwanni irin tamu tartsatsin ke sauka. Da aka soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, mutanenmu da yawa suka ɗaure kaya suka nufi Arewa, Yarabawan Kano da Kaduna su ma suka nufo Kudu, alhali ba ɗayanmu da aka yi shawara da shi. A Yulin 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu, aka mai da martani a Kano. A Fabrairun 2002 aka yi na Idi-Araba a Ikko. A Fabrairun 2021 kuma ga na kasuwar Shasha nan kusa da mu, har sai da gwamnonin Arewa suka zo suka gana da Gwamna Makinde. A irin waɗannan ranaku, gwamna da sanata sai ƙura ta lafa suke isowa. Wanda ke fita da tsakar dare shi ne Sarki, da limamai, da kansilan da ya san Baalen unguwar maƙwabta, ya san shugaban mahauta, ya taɓa zama da su kan gyaran famfo ɗaya. Wanda kuka haƙa kwata tare, da wuya ya bari a cinna wa gidanka wuta.

Gaskiya ne kujerar ba ta da ƙarfin da ya kamata. Gwamnoni sun daɗe suna riƙe kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa, suna rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi. A Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushe majalisun Oyo da Katsina ya saɓa wa doka, a Yulin 2024 kuma ta yi hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ga kuma matsalar takardar ɗan asali, wadda ke hana yaron da aka haifi kakansa a Sabo wasu damammaki. Amma akwai rauni guda wanda daga gare mu yake. Lokacin rajistar zaɓe ko ƙidaya, sai ka ga an cika motoci an tafi gida. Mutum yana kwana a Sabo, yana cin abinci a Sabo, 'ya'yansa suna makaranta a Sabo, katinsa kuwa yana Gwarzo ko Illela. Ɗan siyasa ƙuri'a yake ƙirgawa, ba yawan masu sallar Idi ba.

Saboda haka muna kira ga iyaye maza da mata, da matasa musamman, kowa ya mai do da katinsa inda yake zaune. Idan an kira taron mazaɓa a halarta, a tambayi kansila ina aka kwana kan kwata da makaranta. A kuma ci gaba da girmama Sarki da dattawa, don su da kansila aikinsu ɗaya ne, hanya ce kawai ta bambanta. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ji ƙan magabatanmu da suka kafa mana Sabo, amin.