Shirun da aka ɗauka amincewa ce

A daren 27 ga Janairun 1986, jami'an hukumar NASA ta Amurka da na kamfanin Morton Thiokol suka yi taro ta wayar tarho kan harba kumbon Challenger washegari. Injiniyoyin kamfanin, har da Roger Boisjoly, suka yi gargaɗin cewa sanyin da ake hasashe zai sandarar da zobban robar da ke toshe mahaɗan rokokin. Shawararsu ita ce a dakata.

Da NASA ta nuna rashin gamsuwa, shugabannin kamfanin suka nemi minti biyar su keɓe, suka shafe kusan rabin awa. Manajoji huɗu suka amince a harba, ba da yawun injiniyoyin ba. Da aka koma kan layi aka tambaya ko akwai mai ja, ba wanda ya tanka. Daƙiƙa 73 bayan tashinsa kumbon ya tarwatse, mutum bakwai suka rasu.

Sabon shugaban aiki ya lura: da wuya na ƙasa ya musanta hukuncin da manyansa suka riga suka sanar. Ya ambaci sunan wanda ya fi sanin aikin, ya ji ta bakinsa tun kafin a tsai da magana.