Babban Tankin Kifayen Ado A Ƙarƙashin Ƙasa: Abin Da Dokokin Gini Suka Tanada Kan Nauyi, Laima Da Iska

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Kanada da Jamus da arewacin Amurka, akan zurfafa harsashin gida don kada daskarewar ƙasa lokacin hunturu ta ɗaga shi. Wannan ne ya sa gidaje da dama a can suke da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Masu sha'awar kiwon kifayen ado sun fi son girka manyan tankunansu na gilashi, waɗanda ake kira akwariyom, a irin wannan ɗaki, domin daɓensa a kan ƙasa yake zaune, kuma rana ba ta dukansa. Sai dai dokokin gina gidajen zama ba su keɓe wa akwariyom babi nasa ba. Ƙa'idojin da suka shafe shi a warwatse suke cikin sassan da ke magana kan ƙarfin gini da wutar lantarki da magudanar ruwa da shigar iska, kuma sashen iskar ne aka fi mantawa da shi.

Nauyi da matsin ruwa

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ruwan gishiri kuwa ya ɗara haka kaɗan. Tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 1 da zurfin mita 1 yana cin lita 3,000, wato tan uku, ban da gilashi da duwatsu da yashi. Kowane murabba'in mita na daɓen zai ɗauki kilo 1,000 ke nan. Kundin IRC, wanda yawancin jihohin Amurka ke bi wajen gina gidajen zama, ya ɗora lissafin benen ɗakin zama a kan kimanin kilo 195 ga murabba'in mita, ƙa'idar Tarayyar Turai ma kusan kilo 200 ta ba da shawara. Tankin ya ninka wannan sau biyar, saboda haka hawa da shi bene sai da lissafin injiniya.

Daɓen ƙarƙashin ƙasa ma ba a saki jiki da shi ba. Mafi ƙarancin kaurin da IRC ya yarda da shi bai kai santimita 9 ba, kuma ƙarfinsa ya dogara ga yadda aka danne ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Idan kusurwa ɗaya ta nutse ko da kaɗan ce, tankin zai murɗe, mahaɗar gilashin ta fara tsagewa. Shi ya sa akan fasa daɓen a zuba wa babban tanki dakalin kankare nasa mai rodi.

Abin da ya auku a Balin ya nuna girman ɓarnar da ruwa kan yi idan ya kufce. Da asubahin ranar 16 ga Disambar 2022 tankin AquaDom, wanda ke tsaye a farfajiyar otal ɗin Radisson, ya fashe. Ruwa kimanin lita miliyan ɗaya ya kwarara har kan titi, mutum biyu suka ji rauni, kusan dukkan kifaye 1,500 da ke ciki suka mutu. A ƙarƙashin ginin akwai ƙananan tankuna da ba su fashe ba, amma yankewar wuta ta tsayar da injinan da ke ba su iska, sai da aka yi gaggawar kwashe ɗaruruwan kifaye zuwa wasu wurare. A Oktoban 2023 masu gabatar da ƙara suka rufe bincike ba tare da an tabbatar da takamaiman dalilin fashewar ba.

Laima, ɓarnar da ba ta da ƙara

Fashewa ba kasafai take aukuwa ba. Abin da ke faruwa kullum shi ne tashin tururi. Kifayen yankuna masu zafi suna buƙatar ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salsiyos, ga fitilu masu zafi a samansa, ga injina suna motsa shi dare da rana. Tanki mai buɗaɗɗen baki irin wanda aka ambata yana iya rasa lita 10 ko fiye a kwana ɗaya. Ruwan nan ba ɓacewa yake yi ba, cikin iskar ɗakin yake shiga.

Iskar kuwa tana da iyaka. A digiri 25, kubik mita ɗaya na iska ba ya riƙe fiye da giram 23 na ruwa. Ɗaki mai murabba'in mita 50 da tsayin mita 2.4 yana da kubik mita 120, don haka duk iskarsa ba za ta riƙe lita uku cikakku ba. Ragowar sai ta nemi wuri mai sanyi ta sauka. Iska mai digiri 25 da laima kashi 60 cikin ɗari tana fara yin raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 17, bangon ƙarƙashin ƙasa a ƙasashen sanyi kuma yakan fi haka sanyi. Bango ya yi ta gumi, funfuna ta kama bayan allunan da aka lulluɓe shi da su, katakon da ke ɗauke da benen sama ya soma ruɓewa inda ido ba ya kaiwa. Masu asma su ne kan fara jin abin a ƙirjinsu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da shawarar kada laimar cikin gida ta kai kashi 60, an fi so ta tsaya tsakanin 30 da 50.

Idan ruwan na gishiri ne, lamarin ya ƙara muni, domin feshinsa yana cin ƙarfe. A watan Mayun 1985 rufin kankare na wani wurin ninƙaya ya rufta a garin Uster na ƙasar Suwizalan, mutum 12 suka rasu. Bincike ya gano cewa sinadarin kulorayid da ke cikin iskar wurin ne ya tsattsage ƙarafan da rufin ke rataye da su, alhali irin ƙarfen nan ne da ake cewa ba ya tsatsa. Wannan sinadarin shi ne rabin gishirin teku.

Magani mafi arha shi ne murfi. Bayansa sai na'urar tsotse laima, wadda ke shan wuta sosai kuma tana ƙara wa ɗaki zafi. A ƙasashen sanyi an fi amfani da na'urar musayar iska, mai fitar da ta ciki ta shigo da ta waje, tana ɗumama sabuwar da zafin tsohuwar. Masu manyan tankuna sukan killace injina da matatun ruwa a ɗaki na daban mai bangon da tururi ba ya ratsawa.

Haɗarin fankar zuƙe iska

A nan ne gyara kan zama ɓarna. A gidajen can, tukunyar ɗumama gida da ta ruwan zafi, masu aiki da gas ko mai, galibi a ƙarƙashin ƙasa suke. Idan aka sa fanka mai ƙarfi tana zuƙe iska waje ba tare da an buɗe wa sabuwa hanya ba, ɗakin zai jawo iska ta duk kafar da ya samu, har da bututun hayaƙi. Hayaƙin ya juyo ciki ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda kan kashe mutum yana barci. Saboda haka dokoki suka wajabta tanadar wa irin waɗannan tukwane iskar ƙonawa, da sanya na'urar gargaɗi. Wannan zuƙar tana kuma jawo iskar radon daga ƙasa ta tsagogin daɓe. Radon ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa sankarar huhu.

Kifayen ma abin ya shafe su. A rufaffen ɗaki iskar da mutane ke fitarwa tana taruwa ta narke cikin ruwa ta ƙara masa tsami, murjani kuwa ba ya girma sosai a ruwa mai tsami.

Batun wuta a bayyane yake. Tun daga bugun 2020, dokar lantarki ta Amurka ta wajabta na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa a soket ɗin kowane ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan zama. A Turai ana amfani da makamanciyarta mai yankewa a miliamfiya 30. Magudana kuwa, tunda ɗakin kan kasance ƙasa da bututun kwata, sai da rami da injin turo ruwa sama.

A Nijeriya ba a cika gina ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gidajen zama ba, an fi ganinsa a otal-otal da manyan kantuna. An fitar da kundin dokokin gini na ƙasa a 2006, amma izinin gini yana hannun hukumomin tsara birane, kamar KNUPDA a Kano. Babban bambanci a nan shi ne ɗaukewar wuta, wadda ke tsayar da fanka da injin iska da na turo ruwa a lokaci guda. Janaretan da zai maye gurbinta a waje ake ajiye shi, nesa da kafar da iska ke shiga ginin.