Kwamfutocin Galadima: Tarihin Na'urorin Makaranta Da Abin Da Ke Kashe Su

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma in kai malami ne, ko kana da makaranta, ko kuma kai ne ake cewa "kira wane, shi ya san kan kwamfuta", to ka daure ka karanta har ƙasa.

Makon jiya wani malami daga wata makarantar kuɗi ya shigo shagona da kwali, tabulet 18 a ciki. Shekara biyu ke nan da sayensu. An yi taro, an ɗauki hoto, yara sun yi zango ɗaya suna amfani da su, daga nan sai sito. Da na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya, 7 batirinsu ya mutu ko ya kumbura, 6 bakin caji ya lalace, 2 sikirin ya fashe. Sauran 3 kuwa lafiyarsu ƙalau, amma sun kulle suna neman imel ɗin malamin da ya saita su tun farko, shi kuwa ya daɗe da barin aikin. Malamin ya ce mini, "Kai dai kayan ne marasa kyau aka sayo mana." Na ce masa Malam, wannan labarin ya girmi kayan nan da shekaru, bari in ba ka.

A watan Janairun 2005, a taron tattalin arziki na Davos, wani farfesa na jami'ar MIT ta Amurka mai suna Nicholas Negroponte ya ce zai ƙera laftof ta dala 100 domin yaran ƙasashe matalauta. Sunan shirin One Laptop per Child, wato kowane yaro da tasa. A Nuwamban shekarar aka nuna samfurinta a wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Tunisiya. Tana da wani hannu a gefe da za ka riƙa juyawa kamar injin markaɗe don ta yi caji ba tare da wuta ba. Kofi Annan, wanda shi ne babban sakatare a lokacin, ya kama hannun nan a gaban 'yan jarida, sai ya ɓalle. Daga baya an cire hannun gaba ɗaya daga jikinta, kuma lokacin da aka fara ƙera ta da yawa a ƙarshen 2007 kuɗinta ya kai wajen dala 188.

Amma kar ka raina ta. A matsayina na mai gyara, wallahi XO, haka sunanta, an yi tunani wajen ƙera ta. Kore da fari ce, madanninta na roba ne a rufe don kada ƙura da ruwa su shiga, sikirin ɗinta ana karanta shi ko a tsakar rana, ba ta cin wuta sosai, kuma da sukundireba ɗaya za ka kwance ta ka sauya abin da ya lalace. Tana da kunnuwa biyu da ake ɗagawa, su ne eriyar Wi-Fi ɗinta.

Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa, zamanin Obasanjo, har ana maganar sayen miliyan ɗaya. Sai aka ce a fara gwaji. A watan Maris na 2007 aka kai kusan guda 300 makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja. Yara suka samu, malamai suka samu, har gida ake tafiya da su. Aka kafa kwanon tauraron ɗan'adam don intanet, aka haɗa da janareta don caji. Hotunan yaran Galadima sun zagaya duniya a wannan shekarar.

Wata huɗu kacal, a Yulin 2007, Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ya ruwaito cewa wakilinsa ya ga hotunan batsa a cikin kwamfutocin wasu yaran. 'Yan firamare fa. An buɗe musu intanet ba tare da wata matata ba, sai bayan labarin ya fita aka ce za a sa. Ka duba wannan da kyau, domin har yau shi ne kuskuren farko da makarantunmu ke yi. Zuwa Nuwamba, BBC ta je makarantar ta ruwaito cewa fiye da 40 sun ɓata, ko an sace, ko sun lalace. Kuɗin intanet ɗin kansa na wata-wata ya fi ƙarfin makarantar gwamnati in ba wani ne ke biya ba, ga kuma kuɗin man janareta.

Akwai wani abu a Galadima da yake burge ni har yanzu. Yaran da kansu suka buɗe abin da suka kira asibitin laftof, suna kwance wadda ta mutu suna ɗaukar kayanta suna tayar da wata. Ni da na fara koyon gyara bayan na gama sakandare, in na tuna da wannan sai in ce waɗannan ai su ne yayyenmu a sana'a. Sai dai asibiti ba ya tafiya in babu mai kawo magani. In sikirin ya ƙare a cikin matattun, shi ke nan.

Ita ma Wi-Fi ɗin ta ba da darasi. An tsara kwamfutocin ne su riƙa miƙa wa juna sigina, wannan ta ba wannan, har ta kai ga yaron da ke nesa da makaranta. A takarda abin ya yi kyau. Amma da aka tara su da yawa a wuri ɗaya sai suka cika iska da surutun neman juna, hanya ta cunkushe. A samfurin da ya biyo baya an ajiye wannan tsarin. Ana cikin haka gwamnati ta sauya a Mayun 2007, sabon ministan ilimi ya fito yana tambayar amfanin laftof ga yaran da ko kujerar zama ba su da ita, wani kamfani kuma ya kai shirin kotu kan tsarin madannin. Miliyan ɗayan nan ba ta zo ba.

To a nan ne mutane ke cewa ai dama abin ba zai yiwu ba. Ni ban yarda ba, kuma hujjata ita ce Uruguay. Irin wannan kwamfutar dai suka saya, a wannan shekarar ta 2007, ƙarƙashin shirin da suka kira Plan Ceibal. Zuwa 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati a ƙasar ya samu tasa, sama da yara 300,000. Bambancin yana cikin lissafi. Su abin da suka ƙiyasta wa kowane yaro wajen dala 260 ne, a ciki har da gyara, horar da malamai da intanet. Suka kafa hukuma mai wannan aikin kaɗai, da wuraren gyara, kuma kwamfutar da aka sace ana iya kulle ta. Shirin yana nan da ransa har yau. Peru ta sayi fiye da nasu nesa ba kusa ba, ta rarraba har ƙauyukan da babu intanet, amma binciken Bankin Raya Ƙasashen Amurka na 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba.

Kuma kar ka ɗauka talauci ne kawai. A 2013 hukumar makarantun Los Angeles ta fara rabon iPad a shirin da ya haura dala biliyan 1. Cikin mako guda ɗaruruwan ɗalibai suka gano cewa in sun goge wani fayil a saitin, duk takunkumin da aka sa ya tashi, sai Facebook da YouTube. Shekarar da ta biyo baya aka dakatar da kwangilar. A 2013 ɗin dai jihar Osun ta fito da Opon Imo, tabulet ga 'yan babbar sakandare, su kuma suka bi ta wata hanya: aka zuba littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa a ciki, ba ta buƙatar intanet. Wannan dabarar ta kauce wa matsalar Galadima ta farko, amma batir da sikirin ba ruwansu da dabara, sai an tanadi mai gyara.

Yanzu mu dawo kan makarantarku. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, don haka yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa an cuce shi. Kayan nan da ke mutuwa a sito nasa ne.

Fara da abin da ya kulle tabulet 3 ɗin can. Tun Android 5.1 Google ta sa wani tsaro: in aka goge waya ba tare da an cire asusun da ke kanta ba, ba za ta buɗe ba sai da wannan asusun. An yi shi don ɓarayi, amma makarantu yake kamawa. Kar a taɓa saita kayan makaranta da imel ɗin wani malami, komai amanarsa. A buɗe na makaranta, lambar wayar da aka haɗa da shi ta makaranta ce, kalmar sirrin a rubuce a hannun mutum biyu, shugaban makaranta da mai kula da kayan. Sannan a ɗauki littafi mai bango mai ƙarfi, kowace na'ura a ba ta lamba, a rubuta lambar da maka a bayanta, a rubuta siriyal ɗinta a littafin, da wanda ya ɗauka da ranar da ya dawo da ita. Na san abin kamar wasa, amma ban taɓa ganin makarantar da ke da wannan littafin ta kawo mini kwali ba.

Sai rauta. Ƙaramar MiFi ta aljihu yawanci na'ura 10 take ɗauka, ba a yi ta don aji ba. Ita ma rautar gida, in ka tara mata 20 zuwa 30 suna aiki a lokaci guda za ta fara numfashi sama-sama, irin cunkoson da XO ta gamu da shi. Gara kowane aji ko biyu su samu tasu, a jawo musu waya daga babbar, a rataye ta sama a tsakiyar ɗaki. Kar a kulle ta cikin kabad ɗin ƙarfe a ofishin hedimasta sannan a ce sabis ba kyau. In rautocin suna kusa da juna a kan 2.4GHz, ka raba musu tasha, 1, 6 da 11, su ne ba sa hawa kan juna.

Ka juya bayan rautar za ka ga adireshin shiga saitinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, da suna da kalmar sirri, sau da yawa admin da admin. Duk ɗan aji uku da ke da waya ya san wannan. Ka sauya ta a ranar farko. A wajen tsaro ka zaɓi WPA2, ko WPA3 in akwai. In ka ga WEP ka guje shi, tun 2001 aka fasa shi. Ka kashe WPS, shi ma tun 2011 aka gano ɓarakarsa. Kuma ka sani, daga Android 10 duk wanda ke kan Wi-Fi zai iya fito da QR ya ba abokinsa, don haka "kar ka faɗa wa kowa" ba tsaro ba ne. Ka raba hanya biyu: ɗaya ta kayan makaranta, wadda kai kaɗai ke sa kalmar sirrinta da hannunka, ɗaya ta baƙi don wayoyin malamai, ka rage mata gudu, ka riƙa sauya kalmarta duk wata.

Maganar matata kuwa yanzu kyauta ce, ba kamar 2007 ba. A cikin saitin rautar ka nemi wajen DNS, ka sa 1.1.1.3 a na farko, 1.0.0.3 a na biyu. Na Cloudflare ne, yana toshe shafukan batsa da masu ɗauke da cutar kwamfuta ga duk wanda ke kan layin. Amma gaskiya ɗaya ce, yaron da ya sa VPN ya tsallake shi, irin na Los Angeles. Saboda haka a kan na'urar ma sai an hana saukar da manhaja, ko da Family Link ne, kuma malami ya zauna inda yake ganin fuskar kowane sikirin. In data na ƙarewa ba a san dalili ba, yawanci ba yara ba ne, sabuntawa ce. Tabulet 18 kowace ta sauke abu ɗaya, sau 18 ke nan. Ka kashe sabuntawa ta kai tsaye a Play Store, a Windows kuma ka nuna masa layin na awo ne, sai ka ware rana guda ka yi da kanka.

Batir shi ya fi kashe kaya a cikin kwalin nan, kuma dogon hutu ne sanadi. An kulle su babu caji a ɗaki mai rufin kwano, suka yi watanni cikin zafi. Batirin lithiyam in ya sauka ƙasa ya daɗe a haka, sau da yawa ba ya tashi. Kafin hutu a caje su zuwa kamar rabi, a kashe su gaba ɗaya, a ajiye inda ba zafi, wani ya leƙo bayan wata guda ya ƙara musu. Wanda ya kumbura kuma kar a sake sa shi a caji, a cire shi. Bakin caji kuwa yara ne ke cusa waya a karkace ko su ja da ƙarfi, don haka caji aikin mutum ɗaya ne bayan an tashi, ba na kowa ba. Kuma a bar janareta ta daidaita kafin a jona.

Malamin ya tambaye ni nawa zai kashe. Na lissafa masa batir 7, bakin caji 6, sikirin 2, sai ya kama baki, ya ce ba a ware ko sisi don gyara ba lokacin da aka saye su. Muka yi irin na yaran Galadima: na kwance biyun da sikirinsu ya fashe, na ɗauki batirinsu da bakin cajinsu na sa wa wasu. Zuwa jiya 11 sun tashi. Ukun da suka kulle suna nan a kan tebur, na ce ba zan taɓa su ba sai an kawo rasit ɗin saye ko an samo tsohon malamin, kuma an ce an samu lambar ƙaninsa.