Farar riga ba ita ce lasisi ba: abin da ya kamata a sani kan aikin nas

Madalla, da ke ƙaramar hukumar Suleja a jihar Neja, gari ne da ya cika ya batse saboda kusancinsa da Abuja. Kamar yadda ake gani a Agege ko Sabo ta Ibadan, ƙananan asibitocin kuɗi da kemis sun yawaita a can, kuma duk wadda ta sa farar riga sai ka ji ana ce mata nas. To amma doka ba ta san da haka ba.

Wace ce nas a doka?

Hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, wadda aka kafa a 1979, ita ce ke tantance makarantu, ta shirya jarrabawa, ta yi rajista, ta ba da lasisi. Karatun jinya aƙalla shekara 3 ne a makarantar nas, irin ta Bida, ko shekara 5 a jami'a. Lasisin kuma sabunta shi ake yi duk shekara 3, bayan an halarci kwas na ƙarin ilimi. Waɗanda suka koyi allura da ƙarin ruwa a gefen likita, da ake kira ozilari, hukumar ba ta ɗauke su a matsayin nas ba, komai daɗewarsu a aiki.

Idan an yi sakaci fa?

Nan ne bambancin yake. Nas mai rajista tana da inda za a kai ƙararta: shugabar nas-nas ta asibitin, ma'aikatar lafiya da ke Minna, ko hukumar kanta, wadda ke da kotun ladabtarwa mai ikon dakatar da mutum ko soke sunansa daga rajista. Wadda ba ta da lasisi ba abin da za a ƙwace mata, sai dai a kai wa 'yan sanda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana ma'aikaci ko asibiti ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa, ta wajabta rufa sirrin majinyaci.

Aikin ya faɗaɗa

Saboda ƙarancin likitoci, a 2014 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fito da tsarin raba ayyuka, wanda ya bai wa nas da ungozoma da suka samu horo damar yin wasu ayyukan da a da sai likita, musamman a awo da haihuwa, tazarar iyali da kula da masu cutar HIV. Sai dai tiyata irin ta ciro jariri ba ta cikin aikinsu. Idan naƙuda ta rikice, haƙƙin ungozoma ne ta tura mace babban asibitin Suleja ko asibitin koyarwa na Gwagwalada da wuri.

Don haka kafin a miƙa hannu a ɗaura ruwa, ko a kai matar gida haihuwa, a tambayi lasisi, a duba ko wa'adinsa bai ƙare ba. Mai shi ba za ta ji haushin tambayar ba.