FASHIN BAƘI: Yadda ake auna otal da unguwarsa a Abuja idan an kama ɗaki da rangwame

Babu makon da zai wuce ba tare da matasa daga jihohi sun kwararo Abuja ba. Wani ya zo zaman jin ra'ayin jama'a a Majalisar Tarayya, wani ya biyo shari'ar zaɓe, wata ta zo taron ƙungiyoyin farar hula, wani kuma ganawar neman biza ce ta kawo shi. Da yawansu da kuɗin aljihunsu suke tafiyar, shi ya sa idan manhaja irin Booking.com ko Hotels.ng ta nuna ɗaki da ragin kashi 30 ko 40 cikin ɗari, hannu kan riga tunani wajen dannawa.

Sai dai kama ɗaki ta intanet ya yi kama da cinikin biri a sama. Kuɗin da ke fuskar waya wani yanki ne kawai na abin da baƙo zai kashe, ragowar kuma unguwar da otal ɗin yake ce ke yanke shi. Ga abubuwan da ake dubawa kafin a ce rangwame ya yi riba.

Daga ina rangwamen yake fitowa?

Ɗakin otal haja ce da ba ta kwana. Wanda ba a kama ba daren jiya, kuɗinsa ya tafi ke nan. Saboda haka otal kan karya farashi a lokacin da baƙi suka yi ƙaranci. A Abuja, birnin da harkarsa ta rataya a wuyan gwamnati, hakan ya fi faruwa a ƙarshen mako, da lokacin hutun majalisa, da kwanakin sallah da Kirsimeti, lokacin da mazauna garin ke komawa garuruwansu. Irin wannan ragi na gaskiya ne. Kishiyarsa kuma ana ganin ta a lokacin manyan tarukan siyasa, kamar zaɓen fidda gwani na PDP a ƙarshen Mayun 2022 da na APC a dandalin Eagle Square a Yunin shekarar, lokacin da wakilan jam'iyyu suka cika masaukan birnin.

Akwai kuma ragin da ba ya wuce ado. A rubuta wani babban farashi a soke shi da layi, alhali ba a cika sayar da ɗakin a kansa ba. A Fabrairun 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa manyan shafuka shida, ciki har da Booking.com da Expedia da Agoda, suka ɗauki alkawarin daina rangwamen da ke rikita mai saye, da ɓoye caji, da saƙonnin matsin lamba irin na cewa ɗaki ɗaya kacal ya rage. A Afrilun 2022 kotun tarayya ta Ostireliya ta ci tarar Trivago dalar ƙasar miliyan 44.7 saboda yaudarar masu neman ɗaki mafi araha. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiyar ragi ita ce a kira otal ɗin kai tsaye a tambayi farashin ranar. Tun da manhaja na karɓar kamasho a kan kowane ɗaki, wani lokaci farashin kanta kan zo daidai da na manhajar, ko ma ƙasa da shi.

Lissafin da ba ya fitowa a fuskar waya

Tun Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya koma kashi 7.5 cikin ɗari, kuma otal da dama kan ƙara kuɗin hidima, sau da yawa kashi 10. A ɗauka ɗakin naira 50,000 ne aka rage masa kashi 30, ya dawo 35,000. Idan aka ɗora harajin da kuɗin hidimar a kan wannan adadi, lissafin ya kai naira 41,125, ko karin kumallo ba a ambata ba. Don haka tambayar farko ita ce ko farashin da aka nuna ya haɗa da komai.

Tambaya ta biyu ta shafi sharaɗin sokewa. Ɗaki mafi araha yawanci shi ne wanda ake biya tun gaba, kuma ba a mayar da kuɗinsa. Duk wanda ya san yadda ake ɗage zaman kotu ko na kwamitin majalisa da safiyar ranar, ko yadda jirgin sama ke ɗage tashi, ya san hatsarin wannan sharaɗi. Ga wanda tafiyarsa ke hannun wata hukuma, ɗakin da ya ɗara tsada kaɗan amma ana iya soke shi kyauta kan fi sauƙi a ƙarshe.

Wace Abujar?

A shafukan kama ɗaki, sunan Abuja kan rufe wuraren da ke nesa da juna ƙwarai. Mararaba tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, Suleja da Madalla kuma suna Jihar Neja, amma ba abin mamaki ba ne a ga masaukansu a jerin otal-otal na Abuja. Ko a cikin Babban Birnin Tarayya, Kubwa da Gwagwalada da Nyanya garuruwa ne na gefe. Titin da ya taso daga Keffi ya ratsa Mararaba da Nyanya zuwa shataletalen AYA ya shahara da cunkoson safe da na yamma, inda tafiyar da taswira ta nuna gajeriya ce kan cinye sa'a ɗaya ko biyu.

Ma'aunin shi ne inda aikin yake. Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli da Fadar Shugaban Ƙasa suna wuri guda a tsakiyar birni. Hedikwatar INEC tana Maitama, ta APC tana Wuse II, Wadata Plaza ta PDP kuma tana Wuse Zone 5. Wanda ke da aiki a waɗannan wurare, Garki da Wuse da Utako da Jabi sun fi masa kusa. Wanda zai bi jirgin asuba kuwa Lugbe ta fi dacewa da shi, domin filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe yana da nisan kimanin kilomita 40 daga tsakiyar gari. Mai shigowa ta jirgin ƙasan Kaduna zai sauka ne a Kubwa ko Idu, mai motar haya kuma galibi a tashoshin Jabi, Utako ko Zuba.

Nisa a Abuja kuɗi ne. Tun 2006, zamanin da Nasir El-Rufai yake minista, aka hana acaɓa a tsakiyar birnin, su ma Keke Napep an taƙaita inda suke shiga. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Zuwa da dawowa sau biyu a rana a motar Bolt ko Uber daga garin gefe na iya lamushe dukkan ragin da aka samu. Kafin a biya, a saka adireshin otal ɗin a taswirar Google, a duba tsawon tafiyar da ƙarfe bakwai na safiyar ranar aiki, domin lissafin tsakar dare ko na ranar Lahadi yaudara ne.

Unguwa da rana, unguwa da dare

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola a Wuse II cike suke da wuraren cin abinci da shaguna, abin da ke sauƙaƙa wa baƙo rayuwa, amma a nan ne kuma gidajen rawa ke kaɗe-kaɗe har kusan asuba. Maitama da Asokoro shiru suke, sai dai abinci mai sauƙin kuɗi da motar haya sun yi ƙaranci, musamman da dare. Masaukin da ke kusa da Eagle Square kan wayi gari an rufe hanyoyinsa a ranakun bukukuwan ƙasa. Da damina kuma akwai sassan Lokogoma da Lugbe da suka sha fama da ambaliya.

Babbar barazana ga baƙo a titi ita ce 'yan wan-cans, 'yan fashin da ke shigar direba da fasinjoji su ɗauki mutum a bakin hanya. Otal ɗin da sai an tsaya a gefen babban titi da dare kafin a samu motar zuwa gare shi ya ƙara wa mai shi hatsari, komai kyan ɗakinsa. Ana duba ko titin yana da fitilu, ko mota na iya kaiwa har ƙofa, ko akwai mai gadi, da kuma nisan kantin magani, asibiti da wurin ibada.

Taurari da maki

Yawan taurarin da ke gaban sunan otal ba shaidar gwamnati ba ce a kowane lokaci. A Yulin 2013 Kotun Ƙoli, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, ta yanke cewa rajista da tantance darajar otal hurumin jihohi ne, ikon tarayya a kan haka bai wuce Babban Birnin Tarayya ba. Ke nan taurari uku a Mararaba da taurari uku a Garki ba lallai ma'auni ɗaya ya samar da su ba, kuma a manhajoji sau da yawa otal ɗin ne da kansa ke bayyana matsayinsa.

Makin baƙi ya fi taurari amfani, idan an iya karanta shi. A fara da sharhin watanni ukun da suka gabata, domin otal kan sauya hannu ko ya lalace. A fi mai da hankali ga masu matsakaicin maki, su ne suka fi kawo dalili. Ƙorafin mutum ɗaya na iya zama son rai, amma idan mutum biyar da ba su san juna ba suka ambaci rashin ruwa ko warin danshi, magana ta tabbata. Jerin yabo gajeru masu kama da juna da aka zuba cikin kwana biyu abin zargi ne. Hotunan da baƙi suka ɗauka da wayoyinsu sun fi na talla gaskiya.

Wuta, ruwa da ƙofar tsira

A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla sa'a 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit. Da wannan da tsadar man dizal, ƙananan otal da dama kan ƙayyade sa'o'in kunna janareta, wasu kuma su bar fanka da fitila kawai a kan batir. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke kai ƙololuwa, wannan kaɗai ya isa ya hana barci. A tambaya ƙarara: awa nawa ake samun wuta, kuma ko na'urar sanyaya ɗaki na aiki idan an ɗauke ta.

Da an shiga ɗaki, kafin a kwance kaya, a buɗe famfo, a gwada makulli da sakata, a ɗaga zanin gado a duba gefen katifa saboda kuɗin cizo. Masaukai da yawa a Abuja gidajen zama ne aka mayar otal, da matakala ɗaya da tagogi masu ƙarafan hana ɓarayi. Ya kamata a san inda ƙofar fita ta biyu take da inda aka rataye tukunyar kashe gobara. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Abin da doka ta ba baƙo

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta tallan yaudara da karɓar kuɗi sama da farashin da aka nuna. Sashe na 120 ya ba mai saye damar soke abin da ya kama tun gaba, bisa cajin da bai wuce hankali ba. Amma haƙƙi ba ya tsayuwa sai da hujja. A adana hoton shafin da ya nuna farashi da sharuɗɗa, da saƙon tabbatarwa, da rasit. A guji tura kuɗi zuwa asusun wani mutum, kuma a yi hattara da saƙon da ke cewa a sake shigar da lambar kati ta wani mahaɗi, domin 'yan damfara sun sha kutsawa cikin asusun otal-otal a irin waɗannan manhajoji. Ana fara kai ƙorafi ga manaja, sannan manhajar, sannan FCCPC.

Rubuta hukunci bayan an tashi

Sharhin da baƙo ya bari shi ne idon wanda zai biyo baya, don haka yana buƙatar adalci. A raba abu uku: abin da ke hannun otal, kamar tsafta da ladabin ma'aikata, abin da ke na unguwa, kamar hayaniya da duhun titi, da abin da ke na gwamnati, kamar hanya da magudanar ruwa. A faɗi watan da aka sauka, da kuɗin da aka biya gaba ɗaya, da mintocin da aka ɗauka zuwa wani sanannen wuri da safe. A auna ɗakin da abin da aka alkawarta a kan kuɗin da aka biya, domin rangwame ba ya halatta ƙazanta, haka kuma ɗakin naira 35,000 ba za a nemi ya yi gogayya da na Transcorp Hilton ba.

A kuma tsaya kan abin da ido ya gani. A 2023 'yan sanda sun kama wata mata a Legas bayan ta rubuta ra'ayinta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani, aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. An yi wa sashe na 24 na dokar gyara a 2024, amma ƙarar ɓata suna tana nan. Wanda ya rubuta cewa ruwa bai zo ba daga ƙarfe shida zuwa tara na safe, yana riƙe da hoto da rasit, ya fi wanda ya kira masu otal ɓarayi tsira, kuma bayaninsa ya fi amfanar matafiyin da ke shirin danna wayarsa.