Garin Arlit da Akwatin Zaɓe

Hirarmu ta yau ta tarihi ce. Za mu ga yadda Arlit ya sami ma'adini da wuri, amma ya daɗe bai sami akwatin zaɓe na kansa ba.

Ku sani, a da babu gari a wannan wuri. Fili ne na hamada, yamma da duwatsun Abzin, sai makiyaya da raƙumansu. Da Faransawa suka tarar da uraniyom a ƙarƙashinsa, aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka kafa garin a 1969, aka fara fitar da ma'adini a 1971. A 1974 aka kafa COMINAK, ita kuma ta haifi Akokan. Mutane suka yi ta zuwa neman aiki daga Tawa, Maraɗi, Damagaram da Yamai.

To, wa ke riƙe da garin a lokacin? Gidajen ma'aikata da asibitinsu suna hannun kamfani. Kumandan kuwa daga Yamai ake naɗo shi. A zaɓen 1970 jam'iyya ɗaya ce ta tsaya, PPN-RDA, ta kwashe kujeru 50 duka. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki, majalisa ta rufe shekara 15. Da aka sake zaɓe a 1989, nan ma jam'iyya ɗaya ce, MNSD.

Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, aka yi zaɓen jam'iyyu da yawa a watan Fabrairu 1993, kujeru 83. Sai ku lura da abu guda. A wannan tsari jiha ce mazaɓa. Ƙuri'ar mutumin Arlit ana haɗa ta da ta Agadas, Cirozerin da Ingal, sannan a raba kujeru. An keɓe mazaɓu 8 na musamman don ƙananan ƙabilu, Bilma na cikinsu, amma garin ma'adini ba ya ciki.

Saura zaɓen gida. An gwada shi a Fabrairu 1999, kotu ta soke sakamako da yawa, juyin mulki ya biyo baya a watan Afrilu. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 mutanen Arlit da Akokan suka zaɓi majalisar garinsu, ita kuma ta fid da magajin gari. Ku ƙidaya da kanku: daga 1969 zuwa 2004 shekara 35 ke nan. An sake zaɓen a 2011 da 2020. A 2011 ne kuma aka cire Iferwan da Timiya daga gundumar Arlit, aka bar mata Dannet da Gugaram.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rushe majalisar dokoki. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun garuruwa, aka naɗa masu riƙo. Shekara 20 ke tsakanin akwatin farko da wannan rana.

Me ya sa muke tuna wannan? Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe raminta, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, tulin ƙasar ma'adini ya rage a bakin Akokan. Rami yakan ƙare, amma mutane suna nan, da maganar ruwa, ƙura da makarantar yara. Wanda zai tambayi hukuma kan waɗannan, sai ya iya karanta takarda. Saboda haka ku riƙe takardar haihuwa, ku yi wa yaranku, ku koyi gane sunanku a jeri. Duk ranar da akwati ya komo, kada wani ya karanta muku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.