Shata Ba Ya Kiɗa, Amma Shi Ake Zuwa Gani

Samarin unguwar nan suna ta musu: wane ne gwani, mai iya kayan kiɗa ko mai iya riƙe taro? Musun nan ya girme su.

Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa, tsara waƙa yake yi, su yi ta bi da 'yan amshi har ta zauna, sannan a je fada. Mutum ɗaya yake son burgewa, fadawa kuma na auna kowace kalma.

Alhaji Mamman Shata na Musawa kuwa ɗan dandali ne. Tallan goro ya fara yi, mu 'yan kasuwa mun san abin da talla ke koyarwa: ka karanci fuskar mutum kafin ka buɗe baki. Kalangun ma yaransa ke kaɗawa, amshin sau da yawa guda ne, a yi ta maimaitawa. Amma da ya hango wani cikin taro, nan take zai jefa sunansa, ya wasa shi ko ya zolaye shi, wuri ya ɗauki sowa. Wannan ma fa gwaninta ce, ba a hannu take ba ne kawai. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 1999.

Ɗan Maraya Jos ma, kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tal. Da ita ya zaunar da mutane suna dariyar faɗan mata da miji, suna tausayin karen mota, har rasuwarsa a 2015. Allah Ya gafarta musu.